Rabin Watan da Illa Ya Haƙa

Tun ranar da na dawo daga arewa bakina bai huta ba. Wadda ta zo sayen zane sai ta ce, "Habsu, ya hanya?" Wadda ba ta zo sayen komai ba ita ma ta ja kujera tana son labari. Rakiya, maƙwabciyar rumfata a kasuwar Tawa, ta fi kowa naci, har gida take bi na. To ga shi zan faɗa gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, don na gaji da cewa lafiya lau alhali ba lafiya ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Illa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni an kawo ni Tawa riƙo wurin gwaggona tun ban yi wayo ba, shi kuwa ya tashi can garinmu, arewa da Afala. Ɗan kokawa ne a zamaninsa. In an gama girbi aka buga ganga, daga garuruwa ake zuwa kallon sa, kuma ban taɓa jin an ce bayansa ya taɓa ƙasa ba. Daga baya ya bi samari wurin haƙar zinariya, rami ya rufta, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ya dawo gida da sanduna biyu, ga mata ga 'ya'ya, ga rumbu babu komai.

Bana da rani aka kai musu aikin gwamnati na raya faƙo, wato ƙasar da ta bushe ta ƙanƙare har ba ta shan ruwa. Ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwan sama, a biya mutane da hatsi, kuma ranar da ruwan farko ya sauka aiki ya ƙare ke nan. Sai matarsa Zali ta kira ni a waya ta ce an ƙi ɗaukar Illa. Ta ƙara da abin da ya tayar mini da hankali: wai ya fara zancen saukowa Tawa, wani ya gaya masa akwai wurin zama a bakin babban masallaci. Illa da bara! Ni kuwa da kunnena na ji a rediyo an ce duk aikin da aka yi da dukiyar ƙasa ba za a ƙara ware kowa ba don nakasa. Na rufe rumfa, na ɗaure zane ɗaya mai kyau tsarabar Zali, na ce bari in je in ga wanda ya fi rediyo.

Kabu-kabu ya sauke ni tasha da sassafe, ina ta yi masa faɗa ya yi sauri. Ashe saurin banza ne. Motar Afala, wata tsohuwar mai buɗaɗɗen baya, ba ta tashi sai ta cika, kuma cikar motar daji ba irin wadda kuka sani ba ce. An loda buhuna, an loda jarkoki, an loda mu a kan buhunan, sannan aka miƙo akuya aka ce in ɗan gyara mata. Na ce da yaron mota ita ma ta biya kuɗin wuri? Ya ce ta riga ni biya.

A bariyar fita gari jandarma ya karɓi katin shaidata, ya dubi hoto, ya dube ni, ya sake duban hoto.

"Hajiya, wannan ɗiyarki ce?"

Na ce ni ce, kafin in san daɗin kasuwa. Mota duka ta yi dariya, ni ban yi ba, don idona yana gabas inda wani ɗan hadari ya tsaya kamar yana jiran a kira shi. Muna cikin haka akuyar nan ta samu bakin ƙullina. Kafin in ankara ta tauna gefen zanen Zali. Mai ita, wani dattijo, ya ce in yi haƙuri, ba ta saba ganin kaya masu tsada ba.

Daga Afala sai an sake mota, kuma ba a samu mai zuwa wajenmu ba sai bayan la'asar. Na zauna, na tashi, na zagaya, na sayi kwaɗon zogale na kasa ci. Da muka tashi ba mu yi nisa ba motar ta nutse cikin yashin wata busasshiyar ƙorama. Maza suka tura, ta yi tari, ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya leƙa, ya ce sai gobe in an kawo wani ƙarfe daga Afala. Na ce masa da ƙarfen da shi duk a sayar a sayi jaki.

Wasu Buzaye da ke zaune kusa da wurin su suka sauke mu. A nan na ga abin da ba mu yi a Tawa. Mu in baƙo ya shigo, kafin ya aje takalmi mun san sunansa da na ubansa da abin da ya kawo shi. Su kuwa ba wanda ya tambaye ni komai. Matar gidan ta shimfiɗa mini tabarma cikin bukkarta ta fata, kuma an ce bukkar tata ce, ba ta mijin ba, abin da ya sa na ƙara kallon ta da kyau. Ta miƙo mini cuku busasshe, na gatsa na ji haƙorina zai bar ni a ƙasar mutane. Mai gidan, wani dogon tsoho ana ce masa Agali, yana ta dafa shayi, in zai sha sai ya kai ɗan kofin ƙarƙashin rawaninsa don kada a ga bakinsa. Ni ce na kasa haƙuri na zazzage masa labarina ba tare da ya nema ba, har da maganar rediyo.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce da irin Hausarsu, "Mu ma mun ji ta. Bara mun ji ta, bana mun ji ta." Ya ɗaga kai ya dubi gabas. "In kina da abin yi can, ki yi shi da wuri. Iskan ga na ruwa na."

Ban jira ƙarfen direba ba. Da gari ya waye na samu amalanken jaki mai zuwa wajenmu na hau, duk rami sai na ji shi a ƙugu. Kafin mu shiga gari muka ratsa ta faƙon da ake aikin. Fili ne ja, tsakuwa zalla, mutane sun bazu a kai da diga da shebur, maza da mata har da tsofaffi. Na duba ko zan ga mai sanduna biyu, ban gani ba.

A gida na same shi, zaune cikin inuwar rumbu yana tufka igiya. Ya rame, amma kafaɗun suna nan yadda na san su. Muka gaisa irin gaisuwar garinmu wadda ba ta ƙarewa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a koma kan gida. Zali ta karɓi zanenta ta ga wurin da akuya ta yi aiki, ta ce ba komai, wajen zai shiga ciki in ta ɗaura. Ta dama mini fura, ba nono, ruwa ne da ɗan tsami. Da na fiddo gorar ruwana ta roba yara suka taru suna kallo, wata tsohuwa ta ce 'yar Tawa ta zo da rijiyarta.

"Yaya, mi yak kawo ki cikin zahin ga?" in ji Illa.

Na ce doka na kawo masa.

Ya yi murmushi, bai daina tufka ba. "To ina take? Cikin ƙullin da akuya ta ci?"

Washegari na sa shi gaba muka nufi faƙo. Mai kula da aikin wani saurayi ne ɗan Damagaram, kowa na ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, da igiyar awo rataye a wuya. Na tafi da shirin faɗa, har na tsara abin da zan ce tun a amalanke, sai yaron ya rusuna ya gaishe ni ya ba ni kujerarsa. Na ji haushin wannan ladabi, don ya rage mini zafi.

"Inna, abin da kika ji gaskiya ne," in ji shi. "An yi maganar. Amma takardar da za ta ce mana ga yadda za a yi, ita ce ba ta sauko ba. An ce watan jiya, aka ɗage. An ce ana sake dubawa. Ni abin da ke hannuna tsohon tsari ne, majiya ƙarfi masu cikakkiyar lafiya kawai."

Na ce to ya kira Yamai.

"Ni ban isa in kira Yamai ba. Shugabana nake kira, shi ya kira nasa."

Na ce ya kira shugaban. A garin nan waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu, don haka muka hau tare, ni da shi, ina haki. Ya ɗaga waya sama yana juyi kamar mai kiran kaji. Da ta shiga na ji muryar can tana cewa a jira, ba a sa hannu ba tukuna, kada ya kuskura ya yi gaban kansa. Mushe ya kashe ya ce mini bara ya ɗauki wani mai shanyayyen hannu a wani gari, masu bincike suka zo, saura kaɗan ya rasa aikinsa.

Da muka sauko sai muka tarar mutane sun bar aiki sun yi da'ira. Na kutsa. Illa ne. Ya aje sandunansa, ya karɓi digar wani, ya zauna daɓas a kan tsakuwa, ya miƙe ƙafarsa ɗaya, yana sara. In ya gama gefe sai ya ja jiki da hannu ya matsa. Mutumin da ba a taɓa kai shi ƙasa ba, ga shi ya kai kansa, a gaban waɗanda ya sha kayarwa. Bai tsaya ba sai da ya fitar da rabin wata cikakke, ya tara ƙasar a bayansa ya daddanna da tafin hannu.

"Mushe, auna," in ji shi.

Yaron ya auna tsawo, ya auna zurfi. Ya ce daidai ne, har ya fi na wasu. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya sa shi cikin lissafi ba.

Ranar ban ci tuwo ba. Na shiga, na fita, na dubi gabas, hadarin ya ƙara duhu. Da la'asar na yafa gyale na nufi ƙofar maigari, ban gaya wa Illa ba. Na tarar da dattawa zaune, na durƙusa na gaishe su, na ce ranka shi daɗe, yanzu haka za a zuba ido ruwa ya sauko a tashi aiki, gidan Illa ba ko tiya ɗaya? Suka yi ta shawara. Daga ƙarshe maigari ya ce tunda takarda ba ta zo ba, su ba su jiran takarda. An raba hatsin aiki jiya, gobe Juma'a, kowane gida ya ɗebi abin da ya sawwaƙa ya kai gidan Illa.

Wallahi na fito ina jin na yi nasara. Ku kun san yadda muke a Tawa: in abu ya samu ɗayarmu, kowa ta kawo gudummawarta, a zauna a sha ruwa, gobe in nata ya zo a mayar mata. Ba abin kunya a ciki. Haka na ɗauka. Har na ce don kada a wahalar da mutane da shigowa, bari in sauƙaƙa musu. Da safe, Illa ya tafi gaida wani mara lafiya, na ɗauko babban masakin Zali na girke a ƙofar gida daga waje. Zali ta fito ta gani, ta dafe ƙirji.

"Yaya, a ƙohwa?"

Na ce ina ne in ba ƙofa ba? Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga mace ta farko da faifan hatsi.

Abin da ban sani ba, kuma kowane yaro a garin ya sani, shi ne gudummawa shiga gida take yi. Mai ita ya yi sallama, ya zauna, ya tura abin ƙarƙashin gado ba tare da an ambata ba. Abin da ake zubawa a ƙwarya a ƙofar gida ranar Juma'a, a tsaye, a juya, sunansa sadaka. Da maigari ya ce a kai, wataƙila da sun shiga. Da suka ga masaki a waje, sai suka ɗauka mun zaɓa ne. Suka yi ta zuwa suna zubawa, ba mai zama, kowa na cewa Allah shi karɓa, ni kuma ina tsaye ina amin kamar wadda ake yi wa biki.

Masaki ya kusa cika sai ga Illa ya ɓullo daga kan kwana. Daidai lokacin wani ƙaton mutum mai furfura a gemu yana juye nasa faifan. Daga baya na ji sunansa Na-Allah, abokin karawarsa na da, wanda Illa ya taɓa ɗagawa sama a gaban garuruwa. Mutumin bai yi da mugunta ba, na ga idonsa. Ya juya ya ce, "Illa, a sa mu addu'a."

Illa ya tsaya a kan sandunansa. Ya dubi masaki, ya dubi Na-Allah, sannan ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

"Yaya, wa yag girka wanga?"

Na ce ni ce, na fara bayanin maigari da gudummawa.

"Aiki nir roƙa," in ji shi. "Aiki. Na zamna ƙasa gabansu don su ba ni aiki." Ya wuce ni ya shiga gida, sandarsa ta bugi gefen masakin, hatsi ya ɗan zube, kaji suka taho.

Na bi shi ina ba da haƙuri, na ce bari in mayar wa kowa nasa. Ya ce ba a mayar da sadaka, kuma yara na jin yunwa, a shigo da shi. Sannan ya ce in zan koma Tawa tare za mu tafi. Na ce ya ƙara haƙuri, takardar nan tana iya zuwa ko gobe.

"In ta zo ta iske masaki," in ji shi. "An riga an sa mini suna. In dai karɓa za ni yi, ban yin ta gaban mutanen da nik kayar."

Na roƙa, Zali ta yi kuka, maigari ya aiko. Shi kuwa sai haɗa 'yan kayansa da ya yi cikin buhu.

Ruwan ya sauko kafin mu tashi, mai yawa, irin wanda ake fita a tara hannu ana godiya. Gari duka murna, maza na neman iri, aikin faƙo kuwa ya ƙare. Amalanken da ya ɗauko mu ya bi ta gefen filin, ramukan nan duk sun cika suna ƙyalli. Ni ban iya bambance su ba, amma Illa ya nuna ɗaya da sandarsa, can gefe, ya ce wancan nasa ne, kuma bai fashe ba. Mushe yana tsaye yana naɗe igiyarsa, ya ɗaga mana hannu. Illa ya ɗaga masa.

Sauran hanyar ba abin faɗa. Ƙoramar da ta riƙe mu da yashi yanzu da ruwa ta riƙe mu, muka jira ya janye. A Afala samari suka ciccibi Illa za su sa shi mota, ya ce su sake shi, ya kama ƙarfe ya ɗaga kansa da hannu ɗaya. A bariya jandarman nan ya gane ni, ya fara zancen hoto, ya ga fuskata ya miƙo mini katin.

Yanzu yana gidana. Na ce zan nema masa teburin sayar da goro ko gyaran takalmi, ya ce to. Kullum da safe nakan kunna rediyo, in ji ko an sa hannu. Shekaranjiya sun sake taɓo maganar, suka ce ana nan ana dubawa, ba da daɗewa ba. Yana zaune yana ji. Da hantsi yakan fita ƙofar gida ya zauna a kan dakali yana kallon masu wucewa, don ɗaki na ƙuntata masa.

To Rakiya, ke da kika fi kowa son labari, ga ƙarshensa, kuma da ke a ciki. Jiya da kika zo gidana jin yadda hanya take, kin ga wani mai ƙafa ɗaya a ƙofa, hularsa a gefe, kika jefa masa 'yar sadaka a ciki kika shigo. Ban ga laifinki ba, ba ki san shi ba. Zafi ne ya sa ya cire hular. Da kika gaya mini na fita da gudu, ina tsoron kada ya biyo ki ya jefa miki abinki a fuska. Da ma haka ya yi.

Na same shi da kuɗin a tafin hannu yana jujjuyawa. Ya dube ni, ya sa su aljihu, ya mayar da hular inda take, bakinta sama.

Yau da safe ya tambaye ni ta wace hanya ake bi zuwa babban masallaci.